Keken Ɗinki na Gida: Abin Dubawa Kafin a Kira Mai Gyara



Yau zancenmu na keken ɗinki ne, na cikin gida, wannan baƙin mai zanen ruwan zinare da ke ajiye a ƙuryar ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zani, an jera masa kwanuka a ka. Gidaje da yawa a Kano da Katsina da Zariya, har Maraɗi da Damagaram, akwai irinsa. Wani da kuɗin adashi aka saye shi, wani gadon uwa ne, wani kuma a rabon kayan tallafi aka samo shi bayan an gama koyon sana'a. In ka tambayi dalilin da ya sa ba a taka shi, sai a ce maka ya lalace. A ganina mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Allura ce ta dakushe, ko zare ya kauce hanya, ko ƙura ta cushe ƙasan haƙoran da ke jan yadi, ko ƙarfe ya bushe yana neman ɗigon mai. Abin da uwargida za ta gyara da hannunta kafin ruwan shayi ya tafasa, shi ke sa jari ya kwanta shekara guda. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin a gidaje da dama kuɗin cefane da na makarantar yara daga wannan keken suke fitowa.

Mu fara da sanin abin da ke hannunmu. A 1846 wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya yi rajistar keken da ke ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙe juna. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa, kuma kamfaninsa ne ya kai keken ɗinki gidajen duniya. Baƙaƙen kekunan da suka cika kasuwanninmu, irin su Butterfly ta birnin Shanghai a ƙasar Sin, kusan duk kwaikwayon samfurin Singer mai lamba 15 ne, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Masana'antun Japan sun kwafe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na wasu ƙasashe suka bi sahu. Abin da wannan tarihi zai amfane ki da shi shi ne, kwarkwaro da ƙoshiya da allurar wannan keken galibi suna shiga wancan, kuma ana samunsu da araha. Sannan tun asali an ƙera shi ne yadda mai shi zai kula da abinsa da sukundireba ɗaya da 'yar gorar mai.

Yaya ɗinkin yake ƙulluwa? Allura tana nutsawa da zaren sama, ta huda yadi ta kai ƙasa. Da ta fara ɗagowa kaɗan, sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta. A daidai wannan ƙiftawar ido tsinin shatil, ƙarfen nan da ke kai-komo a ƙasa, zai cafki zaren ya zagaya da shi bayan ƙoshiya, ya rungumo zaren kwarkwaro. Daga nan ɗan hannun da ke hawa da sauka a goshin keke ya ja ragowar zaren sama, ƙulli ya zauna a tsakiyar yadi, haƙora su tura yadin gaba, a sake. Duk matsalar da za ki gani a keke, wani wuri ne a wannan zagayen ya sami cikas. In kin riƙe wannan, kin daina lalube cikin duhu.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne keke yana tara zare a ƙasa. Kin ɗinka tsawon ɗan yatsa, sama ya yi kyau, kin juya yadin kin tarar da zare ya cukurkuɗe ya yi dunƙule. Da yake a ƙasa ɓarnar take, sai hankali ya tafi kan ƙoshiya, a ciro ta a hau murɗa ɗan sukurun jikinta. Nan ake ɓata abin da yake daidai. Hajiya, ki ja zare ɗaya daga cikin dunƙulen ki duba. In kin sa ja a sama, fari a ƙasa, za ki ga jan ne ya taru. Zaren sama ne ya rasa mai riƙe shi, ya zube ƙasa.

Abin da ke riƙe shi 'yan faya-fayan ƙarfe biyu ne da ke cikin tenshan, wato abin da ake murɗawa a saita taurin zare. In ƙafar danne yadi tana sama, faya-fayan a buɗe suke. In kin sauke ta, sai su matse. Wadda ta zura zare alhali ƙafar tana ƙasa, zarenta a bakin faya-fayan zai tsaya, ba zai shiga tsakaninsu ba, kuma ko ta murɗa tenshan har ƙarshe ba abin da zai canza. Don haka ki zare zaren gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar, ki juya wili har ɗan hannun nan ya kai ƙololuwa, ki sake bin hanya daga farko, kada ki tsallake rami ko ɗaya, musamman na ɗan hannun. Ga gwaji mai sauƙi: ƙafa tana sama, ki ja zaren, ya kamata ya biyo ki salin-alin. Ki sauke ƙafar ki sake ja, ya kamata ki ji ya yi tauri. In babu bambanci, ki ninka tsumma mai tsabta ki goge tsakanin faya-fayan, domin guntun zare ko dattin da ya maƙale a ciki yana hana su haɗuwa. Kuma duk lokacin da za ki fara ɗinki, ki danne jelar zaren biyu da yatsa ta baya har allura ta yi huda biyu ko uku. Wannan kaɗai yana kashe rabin cukurkuɗewar farkon layi.

Sai an gama wannan ake maganar saita tenshan. Ki ninka ƙyalle biyu na irin yadin da za ki ɗinka, ki yi layi. In zaren ƙasa yana leƙowa sama, na sama ya yi tauri, ki sassauta. In na sama yana leƙowa ƙasa, ki ƙara matsewa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa, ana gwadawa. Shi kuwa sukurun ƙoshiya, a bar shi sai in ya zama dole. Don gwada ta, ki sa kwarkwaro a cikin ƙoshiyar, ki riƙe bakin zaren ki bar ƙoshiyar tana lilo. In ta tsaya, kuma da kin ɗan girgiza hannu ta sauka kaɗan ta sake tsayawa, lafiyarta lau. In ta sulale ƙasa, ta yi sako-sako. In ko motsi ba ta yi, ta yi tauri, ko kuma datti ya shiga ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne zaren. In za ki taɓa sukurun, kada ki wuce rubu'in zagaye, kuma ki yi a kan faranti ko tire, domin in ya faɗi a tsakar ɗaki samunsa sai an sha wuya.

Mu zo kan allura, wadda a wurina ita ce aka fi zalunta a harkar nan. Ita ce mafi araha a jikin keke, ita ce kuma ake ƙin canzawa sai ta karye. Allura tana dakushewa tun ido bai gani ba. Alamarta, za ki ji keke yana wani ɗan ƙara, ɗas-ɗas, duk sanda ta huda yadi, ko ki ga tana jan zaren shadda tana barin layi a jiki. Shaddar da aka saya da tsada a Kantin Kwari, a ɓata ta saboda ƙyashin kuɗin allura ɗaya, wannan ba tattali ba ne.

In keke yana tsallake, wato ya yi ɗinki uku ya bar gurbin ɗaya, allura za ki fara tuhuma. Ki cire ta ki kwantar da gefenta mai faɗi a kan madubi. In tazarar da ke tsakaninta da madubin ba daidai take ba daga sama har tsini, ta lanƙwashe, ki jefar da ita inda yara ba za su taka ba. In za ki sa sabuwa, ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure, domin in ta sauko ko da kaɗan ne, tsinin shatil zai zo ya wuce bai sami zare ba. Ki kuma lura da fuskarta. Allurar keken gida tana da gefe mai faɗi a sama, ɗaya gefen kuma yana da dogon kwari da zare ke kwanciya a ciki. Ta gefen kwarin nan ake zura zare. A yawancin baƙaƙen kekunanmu gefe mai faɗi dama yake kallo, a zura zare daga hagu zuwa dama. A kekunan zamani da ake sa wa kwarkwaro ta gaba ko ta sama, baya yake kallo. Akwai kuma kuskuren da ake yi tun a kasuwa. A aiki yaro sayen allura, a ba shi ta babban injin shago, wadda kanta a mulmule yake ba gefe mai faɗi. Ba ta keken gida ba ce, a mayar a canzo.

Lamba ma tana da muhimmanci. Lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, irin na mayafi. Lamba 14 ita ce ta yau da kullum, atamfa da yadin kaftani. Lamba 16 da 18 na masu kauri ne, irin jins da labule, ko inda shadda ta ninku da yawa. Yadi mai talewa kuma, irin wanda ake ɗinka hijabi da shi, yana da tasa allurar mai ɗan dunƙulallen baki, wadda ke ratsa saƙar ba tare da ta yanke ta ba. Mata da yawa sun kai keke gyara saboda tsallake a kan yadin hijabi, alhali allura ce kawai ba ta dace ba.

Tsinkewar zaren sama kuwa, in kin tabbata hanya daidai take kuma tenshan bai yi tauri ba, ki gwada zaren kansa. Ki ja shi da hannu biyu. Wanda ya daɗe a rana ko ya tsufa a akwati, tsinkewa yake ba gardama. Mai kauri kuma ba ya wucewa ta idon ƙaramar allura sai ya tsattsage. In duk wannan lafiya, ki shafa yatsa a bakin ramin farantin da allura ke shiga. Allurar da ta taɓa karyewa a wurin takan bar kaifi, shi ke yanke zare. Ana goge shi da lallausar takardar yashi, ko a sayi sabon faranti. Karyewar allura ita ma galibi daga hannu ne: jan yadi ta baya don a yi sauri yana lanƙwasa ta ta daki ƙarfe. Aikin haƙora ne su ja yadi, naki ki daidaita masa hanya. In kuma yadi ya ƙi tafiya, ki duba ɗan hannun saita tsawon ɗinki, ko yaro ya mai da shi kan sifiri, ki duba maɓallin da ke saukar da haƙora in keken yana da shi.

Yanzu ga inda ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera kekunan nan. Muna da ƙura, musamman da hunturu, yadinmu kuma yawanci auduga ce mai sitaci da ke zubar da burbushi. Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai gyaran keke, aka kawo masa wani a bayan babur, mai shi ta aiko cewa ya yi nauyi, ƙafa har ciwo take in an taka. Bai ce komai ba. Ya kwance sukuru biyu ya ɗaga farantin allura, ya sa tsinin tsohuwar allura tsakanin layukan haƙora, ya ɓamɓaro wani abu launin toka da ya daskare, ya ɗora a tafin hannu ya nuna wa yaron da ya kawo keken. Yaron ya ɗauka wani ɓangare ne na keken. Dattijon ya ce masa, ɗana, wannan ƙurar shekaru ce. Ya kwantar da kan keken baya, ya buɗe gidan shatil, ya zaro wani guntun zare da ya naɗe a ciki, ya share da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mai, ya juya wili da yatsa ɗaya. Ƙarar ta canza nan take. Kuɗin babur zuwa da dawowa ya fi kuɗin aikin.

Wannan sharar aikinki ce, uwargida, kuma in kina ɗinki kullum, kada mako ya wuce ba ki yi ta ba. Da buroshi ake yi, a jawo dattin waje. Hurawa da baki tura shi ciki take yi, ta kuma kai wa ƙarfe danshi. In za ki buɗe gidan shatil, ki lura da yadda kowane ƙarfe yake zaune kafin ki cire, ko ki ɗauki hotonsa da waya.

Maganar mai kuma, ina roƙonku da babbar murya, man keke kaɗai. Fari ne, tsinkakke, ba ya da tsada. Man gyaɗa da man ja da duk wani man girki, ranar farko za su sa keke ya yi laushi, bayan 'yan makonni su yi danƙo su kama ƙarfe, ƙura ta zo ta manne. Baƙin man mota ya yi kauri, ga shi yana ɓata yadi. Ɗigo ɗaya ya isa a kowane ramin mai da ke saman keke, da duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe a ƙasa, da hanyar da shatil ke bi. Kada a manta da gaɓoɓin feda da babban wilin ƙasa. Bayan an sa, a taka keken ba zare na ɗan lokaci, a goge, a ɗinka tsumma kafin a ɗora kayan mutane. Baƙin keken da ya daɗe a ajiye har ya ƙage, ko wanda aka riga aka sa wa man girki, a ɗiga masa kalanzir a gaɓoɓin, a bar shi ya kwana, a riƙa motsa wili a hankali har ya saki, a goge tas, sannan a sa man keke. Kalanzir wanki yake yi, ba ya maye gurbin mai. A yi wannan nesa da murhu da fitila.

In kina taka feda wili yana juyawa amma allura ba ta motsi, kada gabanki ya faɗi. Ki duba ƙaramin murfin da ke tsakiyar wili, wanda ake sassautawa in za a naɗa zare a kwarkwaro. An manta ba a ɗaure ba ne. In kuma bel ne yake zamewa, fata ce ta miƙe. A buɗe ɗan ƙarfen da ya haɗa bakinsa, a yanke kaɗan, a huda sabon rami a mayar. Kada a ɗaure shi tamau, zai sa keke nauyi. Wili kuma kullum wajenki ake juyo shi. Komawarsa baya ko sau ɗaya tana iya cusa zare cikin shatil.

Masu keken lantarki, ku ba ni kunnuwanku. Wutar gidajenmu tana tsakanin 220 da 240 ne, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. Keken gwanjo da ya fito daga can, in aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, motarsa ƙonewa za ta yi. A karanta ɗan allon da ke jikin motar kafin a jona. In an ji ƙauri, ko feda ta yi zafi, ko ana ganin tartsatsi mai yawa, a cire daga soket nan take. Sau da yawa 'yan gawayin cikin motar ne suka cinye, canza su ba wuya, amma aikin mai gyara ne. Kekunan zamani masu jikin roba kuma, wasu giyoyinsu na roba ne, kada a yi musu wankan kalanzir, a bi abin da littafinsu ya ce game da mai. Kuma kada a tilasta musu ɗinka abin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai iyakar da nake so kowa ya tsaya. In kin sa sabuwar allura daidai, kin sake zura zare, kin share, kin sa mai, amma keke yana nan yana tsallake, ko allura tana dukan shatil, ko ta ƙi ɗauko zaren ƙasa sam, to saitin haɗuwar allura da shatil ne ya goce. Tazarar da ake magana a kai ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma sukurorin da ke riƙe da sandar allura ba na gwaji ba ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Masu gyara na gari za su gaya miki cewa keken da ya fi ba su wahala shi ne wanda maigida ko wani maƙwabci ya riga ya kwance duk abin da sukundireba ta kama.

Ina da kira ga masu koyar da ɗinki da masu rabon kekuna. Ana koya wa yarinya yanka da haɗa riga wata da watanni, a yaye ta ba ta taɓa ɗaga farantin allura ba. Matar da ke cikin gida, ko wadda ke ƙauyen da mai gyara sai ranar kasuwa, ba ta da wanda za ta kira a daren jajibirin Sallah in zare ya cukurkuɗe, ga kayan mutane a jibge. A ware kwana biyu cikin horon, a sa kowace ɗaliba ta kwance ƙoshiya da shatil ta mayar da hannunta, a haɗa mata da fakitin allura da gorar mai da sukundireba. Kuɗin wannan bai kai komai ba a kan kuɗin keken.

In kuma ta kama a kira mai gyara, ki ajiye masa ƙyallen da matsalar ta fito a jiki, da zaren da allurar da kike aiki da su, ki gaya masa abin da ya faru daf da farawar matsalar, ko allura ce ta karye, ko keken ne ya faɗi. Ki tsaya, ko ki sa wani babba ya tsaya, a ga abin da yake taɓawa, a tambaye shi dalili. In ya ce ya canza wani ƙarfe, a karɓi tsohon. Kafin a sallame shi, ki zauna ki taka da ƙafarki, ki gwada yadi mai kauri da mara kauri, dogon ɗinki da gajere, gaba da baya, ki juya ƙyallen ki duba ƙasansa.